Jan Farce da Rezar Yaya

Ran Litinin ake duba mu a makaranta: farce, haƙora, wuyan riga, safa. Malamar da ke dubawar daga unguwar Kwadaso take zuwa, ba ta san unguwarmu ta Zango sosai ba. Kafin ta fara takan ce dubawarta thorough ce. Ta taɓa gaya mana a aji cewa tsohuwar kalma ce, tushensu ɗaya da wadda Turawa ke faɗa in abu ya ratsa ta nan ya ɓulla ta can, daga baya aka riƙa faɗar ta ga aikin da bai bar ko lungu ba. Na so kalmar. A hanyar gida nakan gwada ta a hankali, harshe tsakanin haƙora.

Sai aka yi bikin 'yar gwaggona a Krofrom, aka ƙunsa mana lalle. Na fata ya koɗe, na farce ya zauna daram.

Ran Litinin malamar, wadda muke kira Madam, ta juya hannuna. "Fenti a makaranta?"

Na ce lalle ne. Bakin bulalarta a tsage yake, an ɗaure shi da roba, kuma tsagin ne ke cizon fata. Ta zuba min a tafi, ta juya ta zuba a bayan yatsu har suka kumbura.

"In na sake ganin ja, a kan tebur zan kwantar da ke, gaban kowa."

Teburin nan na fi tsoro. Manyan ɗalibai maza ke riƙe ƙafafun yarinya ana yi mata bulala, riga ta yaye, ana dariya.

Ban gaya wa Inna ba, don na san har aji za ta zo da faɗa. Yayata na gaya wa. Muka gwada lemun tsami, toka, kananzir. Ran Lahadi da la'asar ta kira ni bayan ɗaki, da sabuwar reza a hannunta.

"Miƙo, raguwa. Ko kin fi son tebur?"

Ta matse hannuna tsakanin gwiwoyinta ta fara kankara. Jan gari yana zuba a zanenta. Farcen ya yi laushi kamar ɓawon albasa, sai rezar ta nitse a babban yatsa.

"Yaya, zafi!"

"Yi shiru, saura gefen nan. In kin motsa na yanke shi gaba ɗaya!"

Ba ta tsallake ko ƙaramin yatsa ba. Da ta gama, jini ya cika kowane gefe, ta shafa man kaɗe ta naɗe da tsumma.

Da safe Madam ta warware tsumman da kanta. Ya manne, ta fizge. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi miki wannan?"

Na kalli safata. Ta saki hannuna ta wuce. Yarinyar da ke kusa da ni wuyan rigarta da dauɗa, ita aka ɗaga zuwa tebur.