Rijiyoyi Sittin na Malam Caleb

Na san Caleb Tanko tun muna aji uku a makarantar mishan a kudancin Kaduna, lokacin da ake ba yaro fensir ɗaya ya yi zangon karatu guda da shi. Malamin lissafinmu yana da doka: in ka rubuta amsa ba ka nuna hanyar da ka bi ba, ko daidai ce sai ya soke ta. Dukanmu mun sha bulala a kan dokar nan, amma Caleb kaɗai ya riƙe ta har tsufa.

A 1982 ya zo Kano ya fara koyar da labarin ƙasa a jami'a, ya tarar da ni a sashen ilimi. Ya kama haya a Gyadi-Gyadi, gida mai ɗaki uku da darbejiya a ƙofa. A lokacin in ka leƙa ta bayan katangarsa gonar dawa za ka gani, kuma kusan kowane gida da rijiyarsa. Ni ina Tarauni, tafiyar minti ashirin a ƙafa, ba Adaidaita Sahu ko ɗaya da zai yi maka oda a kunne.

Mu bakwai muka kafa ƙungiyar da muke kira Zumunta a 1991, dukanmu Kirista masu koyarwa a manyan makarantun garin. Muna haɗuwa Asabar ta farko a kowane wata, ƙarfe huɗu, a falon wanda layi ya zo kansa. A yi waƙa, a karanta aya, a sha shayi da cincin. Amma ainihin abin da ya haɗa mu shi ne teburin tsakiyar falo. Duk wanda yake da kundin digiri ko takardar neman ƙarin girma, sai ya ɗora kwafe a kan teburin, a yi addu'a, kowa ya ɗauki ɗaya. Bayan wata guda a dawo masa da su da gyara, kafin baƙon ido ya gani. Ba mu da yawa a garin, ba mu da wani babba a sama da zai rufa mana asiri, don haka muka ce gara mu ji kunya a falonmu.

Caleb ne ya mai da wannan al'ada abin tsoro. Da jan biro yake karatu, kuma tambayarsa ɗaya ce a gefen shafi: "Wa ya gaya maka?" Har matasan cikinmu suka sa masa suna Baba Wa-ya-gaya-maka. Na tuna ranar da ya miƙa wa Comfort kundinta, tana ƙaramar malama a sashen tarihi.

"Comfort, babi na uku wa'azi ne ko bincike?"

"Bincike ne, Baba."

"To ni wa'azi na gani. In kina so na kai wa Fasto ya yi ranar Lahadi, sai a zagaya da kwanon baiko a saka kuɗi."

Ta yi kuka a kicin ɗina, matata tana lallashinta. Bayan shekara ɗaya ta kare kundin ba a ce ta gyara komai ba. Na ƙirga, mutum goma sha huɗu suka zama dakta bayan sun bi ta ƙarƙashin biron nan, ni ne na uku. Shi kuwa yana nan a Malam Caleb.

Ba wai bai fara ba. A 2003 ya yi rajistar digirin digirgir, bincikensa a kan zurfin ruwa a rijiyoyin Gyadi-Gyadi, Tarauni, Ƙauyen Alu da Babban Giji. Ya zaɓi rijiyoyi sittin, za a auna kowace a tsakiyar rani da tsakiyar damina. Matsalar ita ce rijiya a tsakar gida take, kuma gidajen nan namiji baƙo iyakarsa soro. Matarsa Rahila ce ta yi masa aikin. Ta sayi igiya ta yi mata ƙulli a kowace mita, ta ɗaura tsohon kwaɗon ƙofa a ƙarshe don nauyi. Maƙwabciyarsu Uwani, mai sayar da ƙuli-ƙuli, ita ke yi mata jagora, domin ba gidan da ba ta san matan cikinsa ba. Su shiga da sallama, Caleb ya tsaya a waje da littafinsa, Rahila ta fito ta faɗi lamba, shi kuma ya ce, "Kin tabbata kwaɗon ya taɓa ruwa?" Ta ce, "Shiga ka tambaye shi." Rani ɗaya da damina ɗaya suka gama, a 2004.

Daga nan aikin ya kwanta. Malamin da ke duba shi ya bar ƙasar, aka yi shekara biyu ba a ba shi wani ba. Ga yajin aiki. Ga kundin wasu da ba ya iya cewa a'a. Sannan Rahila ta kwanta ciwon ƙoda, ya yi jinyarta shekara huɗu, ta rasu a watan Mayu na 2015.

A farkon 2017 aka rubuto masa cewa wa'adinsa na ƙarshe Disambar 2018 ne, ba ƙari. Ya zauna ya haɗa kundin. Ranar Asabar ta farko a watan Maris, a falona, ya ɗora kwafe biyar a kan tebur. Shekara ashirin da shida yana ɗauka daga teburin nan, ranar ce ya fara ajiyewa.

Ya ce, "Abu ɗaya nake so ku duba mini. Awon nan ya tsufa. Sabon malamin da aka ba ni ɗalibina ne a da, ba zai iya gaya mini gaskiya ba. Ni kuma na daɗe a cikin aikin har ba na ganinsa. In kun ce zai tsaya, in miƙa. In kun ce ba zai tsaya ba, ina da wata ashirin da ɗaya, ya isa rani da damina."

Muka yi addu'a, kowa ya ɗauki nasa.

A kwana uku na karanta nawa. Rubutun ba abin da za ka taɓa. Amma da na kai shafi na 88, inda jerin rijiyoyin yake, sai na ajiye tabarau. A unguwar nake zaune. Na san gidan da aka rushe aka yi shaguna, na san layin da kowa ya haƙa burtsatse ya rufe rijiyarsa da kankare. Kundin yana maganar rijiyoyin kamar jiya aka zura musu guga. Na ɗauki fensir na rubuta a gefe: "Shekara 13. Nawa suka rage? Sai an sake awo."

Bayan mako biyu Comfort, wadda ta zama dakta kuma sakatariyar Zumunta, ta kira mu huɗu zuwa gidanta a Babban Giji, ban da Caleb. Ashe kowa ya gani. Ba wanda ya yi gardama a kan ko awon zai tsaya. Gardamar a kan wa zai faɗa ce.

Comfort ta ce, "In muka ce ya sake awo, wa zai shiga masa gidajen? Mama ce ta yi. Kamar mun tona masa kabari ne."

Wani ya ce masu jarrabawa za su ga furfurarsa su yi sassauci, rabinsu ma ya koyar da su. Wani ya ce mutumin dattijon coci ne, bai kamata yaran da suka taso a hannunsa su mayar masa da aiki ba. Daga nan duk suka juyo suna kallona, domin ni ne babba, ni ne abokinsa tun ƙuruciya.

Na ce, "A bar shi ya miƙa. Allah zai yi tagomashi."

Mata biyu ne a falon ranar, dukansu suna da ƙafa, suna da mota, suna jin Hausa kamar jakin Kano. Mu mazan kowa da matarsa a gida. Ba wanda ya ce to mu shiga masa. Ban tuna ko tunanin ya zo mini ba, kuma wannan ya fi damuna a kan a ce ya zo na ƙi. Da na koma gida na ɗauko kilina na goge abin da na rubuta, na hure shafin.

A taron Afrilu muka mayar masa da kwafe biyar fes. Ya buɗe ɗaya bayan ɗaya, yana juya shafuka da babban yatsa.

"Ba ja ko ɗaya? Comfort, biro ya yi tsada ne a Babban Giji?"

"Baba, wa ya isa ya gyara maka?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba, ni ya kalla. "Bulus, awon fa?"

"Zai tsaya," na ce.

Ya miƙa a watan Yuni. Kundin ya yi wata goma sha bakwai yana yawo daga wannan ofis zuwa wancan, sai a Nuwambar 2018 aka kira shi kariyar kundin. Ranar mu shida muka zauna a benci a waje muna addu'a, Comfort ta zo da lemo a but ɗin mota. Abin da ya faru a ciki daga baya na ji. Cikin masu jarrabawar akwai Dakta Nafisa, matashiya, haifaffiyar Ƙauyen Alu. Da ladabi ta yi tambayarta.

"Baba, rijiya mai lamba sha bakwai, yaushe rabonka da ita?"

Ya ce tun 2004.

"Gidan kawuna ne. Shekara tara ke nan da aka cike ta, yanzu ɗakin amarya ne a kai. Cikin sittin ɗin nan, nawa ne suke da ruwa yau?"

Caleb bai taɓa faɗin abin da bai auna ba. Ya ce bai sani ba. Suka yanke cewa ya sake awon rani da damina ya dawo. Saura mako biyar wa'adinsa ya cika. Ya nemi ƙari, aka nuna masa takardar da ya sa wa hannu da kansa.

Asabar da ta biyo baya muka tafi gidansa jaje. Muka cika falon, aka yi waƙa, wani ya yi doguwar addu'a a kan jarrabawar masu bi a ƙasar da ba tasu ba. Na ji ana raɗa cewa da ba Kirista ba ne da an bar shi ya wuce. Wanda ya faɗa yana cikin mu huɗun da muka je gidan Comfort. Muna cikin haka Uwani ta yi sallama, ta tsufa, tana jan ƙafa, da ƙullin leda a hannu. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe mu, sannan ta kwance ledar. Igiyar ce, da kwaɗonta.

"Malam, jiya nake jin wai awo aka ce ka sake. Tun rasuwar Rahila igiyar nan tana ƙarƙashin gadona. Me ya hana ka aiko? Ai ni na san gidajen. Waɗanda aka rufe in gaya maka, waɗanda suke nan in shiga da jikata Hasana, ita ta iya rubutu. Da rani ɗaya da damina ɗaya mun gama."

Caleb ya ce, "An ce mini ba sai an sake ba, Uwani."

"Wa ya ce?"

Comfort ta sunkuyar da kai tana gyara kofunan da ba su buƙatar gyara.

Da kowa ya watse ya ce in tsaya. Ya shiga ɗaki ya fito da kwafi ɗaya, na gane nawa ne saboda tabon shayi a bango. Ya buɗe shafi na 88, ya je bakin taga ya karkata shi ga hasken la'asar. A makarantar mishan an koya mana danna fensir sosai, don rubutu ya fito. Kilina ta ɗauke baƙin, amma sawun yana nan a jikin takarda.

"Shekaranjiya na gani," ya ce. "Ina neman inda na yi kuskure, sai yatsana ya ji shi. Karanta mini, idona ya yi rauni."

Na karanta masa, duka jimla ukun.

"Daidai ne. Ko ni abin da zan rubuta ke nan." Ya rufe kundin. "Ranar da na tsaga babinka na biyu gida biyu, ka yi wata ba ka gaishe ni a coci ba. Ka tuna?"

"Na tuna. Caleb, tausayinka muka ji."

"Na sani. Ni ban taɓa jin tausayin ko ɗayanku ba, ga shi duk kun zama dakta."

Ya raka ni har gindin darbejiya kamar kullum, ya ce in gaida gida.

Ya yi ritaya a 2021 yana Malam Caleb. Yana nan a Gyadi-Gyadi, gidan yanzu shagunan gyaran waya sun kewaye shi. Muna gaisawa ranar Lahadi, yana tambayar gwiwata, ina tambayar idonsa. Bai sake zuwa Zumunta ba. Mu muna nan muna haɗuwa, mun kai mutum talatin, har da rukunin WhatsApp. Ana ɗora kwafe a tebur, a yi addu'a, bayan wata guda a dawo da su da "Allah ya sa albarka" a shafin farko. Bara biyu daga cikin matasanmu aka mayar musu da kundinsu a wurin kariya.

A ranin da ya wuce na gan shi a Ƙauyen Alu, tsaye a ƙofar wani soro da littafi a hannu. Hasana ta fito da igiya a jiƙe ta faɗa masa lamba, ya rubuta. Ba rajista, ba wa'adi, ba wanda zai karanta. Na tsaya na tambaye shi nawa suka rage. Ya ce ashirin da biyu. Na ce in ya gama rubutawa ina so in duba masa.

Ya ce, "A'a, Bulus. Dakta Nafisa ta ce za ta duba."