Eriyar da Ta Kalli Arewa

Ni Bakano ne, kayan lantarki nake sayarwa a Enugu. Ina sarowa daga babbar kasuwar Onitsha, in kawo shagona da ke kusa da unguwar Hausawa. Da tire na fara, batir da tocila, har Allah ya kai ni ga shago mai ƙofa biyu. Ban yi boko mai nisa ba, amma kaya in na juya shi a hannu sau biyu na san ko zai kai damina.

Lokacin da mutanenmu suka gaji da biyan kuɗin kallo duk wata, sai aka koma neman tashoshin kyauta, waɗanda eriya ke kamowa da hoto tangaran. Kasuwa ta cika da tarkace. Akwai eriya mai fitila shuɗiya, akwai mai juyawa da rimot, akwai ta kan tebur mai kama da faranti wadda kwalinta ya yi alkawarin tasha ɗari. Na gwada su duka a gidana kafin in saro. Mai juyawar, ruwan Enugu ya shiga injinta cikin wata guda. Abin da ya tsaya mini uku ne: eriyar ƙarfe ta waje marar ado, waya mai kauri wadda cikinta jan ƙarfe ne na gaske, da ƙaramar dikoda ga wanda talabijin ɗinsa tsoho ne. Su ne mafi araha, su ne kuma masu aiki. Sharaɗin ɗaya ne, bakin eriya ya kalli turken tashar, wato dogon ƙarfen da ke watso shirye-shirye, wanda daga unguwarmu yana wajen yamma, kan tudu.

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Shi ya sauke ni ranar da na fara zuwa garin, a zaurensa na kwana wata bakwai. Yanzu ƙafa ta hana shi kasuwa, sai kasuwar ta dawo zaurensa. Bayan la'asar nan ake taruwa, kuma abin da aka yaba a zauren nan shi unguwa ke saya. Da ya aiko in haɗa masa kallo na kyauta, na ji daɗi. Na zaɓi kayan da hannuna, na rufe shago, na hau kwano da kaina.

Ina cikin ɗaure eriyar a jikin sanda sai na ji muryarsa daga tsakar gida.

"Kai, ɗan nan, ina ka juya ta?"

"Yamma, Baba. Can turken yake."

"Labaran nan daga ina ake karanto su?"

"Daga Abuja, Baba."

"To Abuja yamma take da mu? Mayar da ita arewa."

Na yi masa bayani cewa Abuja tana aiko wa turken nan ne, mu kuma mu ɗauka daga gare shi. Ya ce shekara arba'in yana kamo Kaduna a rediyonsa daga wannan tsakar gidan, kuma bai taɓa miƙa eriyar rediyon ko'ina ba sai arewa. Na sake faɗa, a hankali. Ya ce tun ina yawo da tire yake kama tasha. Na faɗa karo na uku, sai ya ɗauki carbinsa. Wanda ya san Baba ya san an rufe magana. Na juya ta arewa na sauko.

Hoton ya zo, amma a wahale. Mai karanta labarai zai fara magana sai fuskarsa ta daskare, ta farfashe gida-gida, murya ta ɗauke. Da aka taru da yamma, wani Bazazzagi mai sayar da albasa, wanda ba ya ganin Bakano ya ƙyale shi, ya dube ni ya ce, "Bakano ke nan! Har Baba ma ba ka bari ba? Wannan ai ƙarfen shanya kaya ka kafa masa." Aka kwashe da dariya. Na yi dariyar nima, amma ba ta wuce haƙorana ba. A satin nan mutum biyu da suka ce in ajiye musu eriya suka wuce ta gaban shagona suna kallon wani gefe.

Ba zan iya tsayawa cikin mutane in ce Baba ne bai gane ba. Ba zan kuma iya zuba ido sunana ya lalace a kan abin da na fi kowa sani ba. Sai na yi abin da a lokacin na ɗauka wayo ne. Na ce wa Baba zan canza waya. Na hau da wata eriyar a cikin buhu, na ɗaure ta can baya, a bayan tankin ruwa inda ba a hango ta daga ƙasa, bakinta yamma. Na zare waya daga ta gaban na haɗa da ita. Ta gaban na bar ta tsaye kan sandarta tana kallon arewa, da guntun waya na lilo don ido.

Hoto ya fito kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutum. Baba ya gyara zama ya ce wa jama'a, "Kun gani? Wayar ce dama ba ta da kyau. Yaran yanzu sai su ce maka yamma."

Ciniki ya buɗe. Cikin sati biyu na sayar da abin da ban sayar ba a wata uku. Kowa na saya ina ce masa, "Ka juya ta yamma, wajen tudu." Kowa na ce mini to. Sai ya je gida, ya ɗaga kai ya dubi kwanon Baba, ya saita tasa daidai da ita. Wata safiya na tsaya bakin titi ina jiran ɗan acaɓa, na ɗaga ido, sai na ga eriyoyina a jere bisa rufin unguwa, kusan duka suna kallon arewa kamar an ja musu sahu.

Daga nan suka fara dawowa. Wannan ya ce tasa ba ta kamawa. Wancan ya ce na ba Baba ta gaske na ba su jabu. In na ce a juya ta yamma sai a ce, "To ta Baba fa?" Sai in kawar da zancen. Na hau rufi biyar da kaina na juya, hoto ya gyaru, amma a gida biyu ina sauka aka mayar da ita yadda take, wai kar a ce sun fi Baba sani. Matata ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin na dawo gida ina magana ni kaɗai ba sai lokacin.

Bazazzagin nan ne ya kawo ƙarshen abin, ba da niyya ba. Ya ce a zaure gobe zai kawo tsani ya hau kwanon Baba ya ga yadda aka ɗaura tasa, tunda Bakano ya ƙi faɗin sirrin. Na san abin da zai tarar: guntun waya da ba ta zuwa ko'ina. Kuma ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba.

Washegari da hantsi, kafin kowa ya zo, na je na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa, na tambayi ƙafa. Sannan na faɗa masa komai, ban rage ba.

Ya dubi talabijin ɗin, wanda ke a kashe, ya ce:

"Wato wata guda ina cika baki a kan sandar banza."

"A gafarce ni, Baba."

"Da ka nanata mini, ai da na ji. Sau ɗaya ka faɗa ka ja bakinka."

Sau uku na faɗa. Na ƙirga a ranar, na sake ƙirgawa ina durƙushe. Na ce, "Haka ne, Baba."

Shi da bakinsa ya gaya wa zaure da yamma, kuma ya gaya musu yadda ya ga dama: wai ni ɗansa na ji nauyinsa har na yi masa dabara. Ya sa aka sauke ta gaban a gaban kowa. Bazazzagi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai ya faɗa, Bakano ko gaskiya zai sayar maka sai ya naɗe ta a buhu.

Eriyoyin unguwa sun juya yamma cikin kwana uku, ba wadda ta sake dawo mini. Har yau a wajena ake saya, don ba su sami mai araha da inganci kamar tawa ba. Sai dai duk gidan da na je haɗawa, maigidan yakan biyo ni har kan kwano, ya kama wayar da hannunsa, ya bi ta taku-taku har bayan talabijin, kafin ya ce mini sannu da aiki.