Ranar da Na Mayar da Koken Dattijo Maganar Agwagi

Akwai wata Laraba a shekarata ta biyu da kama aiki a Abuja wadda ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah. Shekaru sun ja, na yi iyali, furfura ta fara leƙo mini, amma duk sa'ad da ranar ta faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a mota.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishi da ke kula da hanyoyin karkara. Aikina shi ne karɓar takardun koke daga ƙauyuka in miƙa su gaba. Na zo daga Katsina da sabon digiri da taye, ina ji a raina babu mai kama ƙafata a Turanci. Shugabarmu, wadda kowa ke kira Madam, 'yar kudu ce, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Saboda haka duk sa'ad da za ta fita ƙauye ni take ɗauka in yi mata tafinta, ni kuwa abin ya ƙara kumbura mini kai.

Ranar mun je wani ƙauyen Gbagyi ne can gaba da Kuje, don jin matsalolin jama'a. An jera mana kujeru a harabar makarantar firamare, an kawo lasifika. Maza na zaune a kan bencina, mata sun tsaya daga baya da goyonsu. Ni na buɗe taro. Na ce da Turanci bari in ɗan “break the ice”, wato in fasa ƙanƙara don jama'a su saki jiki, na yi wani barkwanci a kan ramukan hanyar da muka biyo. Madam kaɗai ta yi murmushi. Ban damu ba, don dama ita nake son in burge.

Bayan mai gari ya yi mana maraba, sai aka ce wakilin jama'a zai yi magana. Wani tsoho siriri ya miƙe, da koɗaɗɗiyar riga da takalmin roba, laka ta bushe a ƙafarsa. Da gani daga gona ya taho. Ya fara magana da irin Hausar mutanen yankin, wadda ba ruwanta da bambanta namiji da mace.

“Gadar mu ya karye tun bara,” in ji shi. “Idan rafi ya cika, yara ba ta zuwa makaranta. Mata yana ɗauko doya a kafaɗa, yana shiga ruwa har ƙirji kafin ya kai bakin titi. Mun rubuta takarda mun kai Abuja, an ce mu je Kuje. Mun je Kuje, an nuna mana cewa aikin na Abuja ne. Mun koma, an ce bayan sati biyu. Sau biyar muna wannan tafiya. Yarana, wannan ai wild goose chase ne.”

Kalma ɗaya na kama a ciki, wato sunan tsuntsun, na san wani abu ne mai kama da agwagwa. Amma salon maganar gaba ɗaya ban taɓa jin sa ba. Mai hankali da sai ya yi tambaya. Ni kuwa nan take na yanke cewa tsohon ya tsinci Turanci ne a rediyo yana son ya gwada a kanmu. Na ja lasifika kusa da bakina na ce, “Baba, ka tsaya a Hausarka, ita ma da ƙyar take tafiya. Gada muka zo ji, ba agwagi ba.”

Direbanmu ya tuntsire da dariya, wasu samari a gefe suka taya shi, sai kuma suka yi shiru da suka ga babu babba ko ɗaya da ya dara. Madam tana duba saƙo a wayarta, ta ɗago ta tambaye ni me ya ce. Na ce mata tsufa ne kawai, ya bar zancen gada ya koma labarin agwagin daji da suke kora. Ta ce in gaya masa ya taƙaita, lokaci na tafiya.

Tsohon bai jira na fassara ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya juya ya fuskanci Madam, ya fara Turanci. Ban taɓa jin irinsa a bakin mutum ido da ido ba, har malamanmu na jami'a. A natse yake fitar da kowace kalma, babu gaggawa, babu ƙaƙale. Ya maimaita mata duk abin da ya faɗa, ya ƙara da labarin wata mai naƙuda da aka haye rafin da ita a kan ƙyauren ɗaki. Madam ta kife wayarta a cinya. Da ya zo kan maganar da na yi wa dariya, ta juyo ta dube ni ta ce, “Kai ba ka san ma'anar wannan ba?”

Na sunkuyar da kai.

Sai tsohon ya dawo Hausa, muryarsa ba fushi a ciki. “Ɗana, ma'anarsa a sa mutum ya yi ta bin abin da ba zai taɓa kamawa ba. Ba ni na ƙirƙira shi ba. Daga wani wasan kwaikwayo ya fito, wanda wani marubuci ya rubuta a Ingila sama da shekara ɗari huɗu da suka wuce. A lokacin ma sukuwar dawakai suke nufi, ɗaya a gaba sauran suna bin sa duk inda ya karkata, kamar yadda dinya, agwagin dajin nan, ke jerawa a sama. Kuma wancan da ka faɗa da farko, na fasa ƙanƙara, shi ma akwai shi a wani wasan na mutumin nan. Ka ga ashe ni da kai kwano ɗaya muke ci.”

Wata mata daga baya ta ɗaga murya ta ce, “Malaminmu ne fa! Shi ya koya wa iyayen waɗannan yara karatu!” Daga baya na ji cewa shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci a wata sakandare a wajen Abaji, kafin ya yi ritaya ya dawo gonar ubansa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce kunya ce ta jahilci, ana shan ta a wuce. Amma Madam ta sake yin tambaya. Ta ce wa tsohon, wane ne a ofishinmu ya karɓi takardarsu yake ta dawo da su?

A daidai nan na gane shi. Na tuna tsofaffi biyu da suka riƙa zuwa suna tsayawa a bakin teburina, ina amsa musu ba tare da na ɗago kai sosai ba. Ni ne na ce su je Kuje, don kawai su ba ni wuri. Ni ne na ce bayan sati biyu. Tsohon ya dube ni, ido cikin ido, na ɗan lokacin da na ji kamar yini guda ne. Sannan ya ce wa Madam, “Wani yaro ne. Ban riƙe fuskarsa ba.”

Ni kuma na yi shiru. Wannan shirun ya fi dariyar ci mini rai har yau. Mutumin da na wulaƙanta a gaban matan garinsa da jikokinsa ya rufa mini asiri, na karɓi rufin na lafe a ciki.

Washegari na jawo aljihun tebur na ƙasa, na tono takardar a ƙarƙashin tsofaffin jaridu. Rubutun hannu ne mai kyau, shafi biyu, ba kuskure ko ɗaya. Ban taɓa karanta abin da ya wuce kanta ba. Kwana uku tana cikin jakata ina kai da kawowa, kafin na iya shiga wurin Madam na ajiye ta na ce ni ne yaron. Ta daɗe tana kallona, ta ce ta zargi haka tun a mota. Ta ba ni takardar gargaɗi, ta cire ni daga tafinta. An gyara gadar da rani. Amma daminar nan duka sun yi ta a cikin ruwa, kuma da takardar ta wuce tun zuwansu na farko, wataƙila da ba haka ba. Ban san yara nawa suka rasa darasi ba, ban san doya nawa ta ruɓe a gona ba. Na dai san hannuna na ciki.

Sai da aka yi wata biyu na sami ƙarfin halin komawa. Wata Asabar na hau mota zuwa Kuje, daga nan na hau acaɓa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na ce, “Baba, na zo neman gafara.” Ya ce in tashi, wandona zai ɓaci. Matarsa ta kawo gasasshiyar doya da manja, ya tura mini kwanon.

Muka yi hira har la'asar. Ya ba ni labarin yadda yake sa ɗalibansa su yi waɗannan wasannin a filin makaranta, da takubban kwali da zannuwan iyayensu. Ya ce mutanen ofis suna cewa wane yana da “heart of gold”, wato zuciyar zinariya, suna kiran kishi “green-eyed monster”, ba su san cewa a kan dandamali aka taɓa faɗa wa 'yan kallo waɗannan maganganu ba. Wasu marubucin ne ya ƙago su, wasu ya tsince su a bakin mutane, wasan ya yaɗa su duniya. Yana magana idonsa na ƙyalli, har ya miƙe yana gwada mini yadda wani ɗalibinsa ya taɓa faɗuwa yana mutuwar wasa ya danne akuya.

Na tambaye shi, tunda yana da Turanci haka, me ya sa ya fara da Hausa ranar? Ya ce, “Mutanen ne suka aiko ni. Yawancinsu suna jin Hausa, kuma kai kana ji. In na yi Turanci, yaya matan nan za su san na faɗi abin da suka aiko ni da shi?” Ya yi dariya ya ƙara da cewa wancan guntun Turancin haushi ne ya fito da shi, don idan ransa ya ɓaci malamin da ke cikinsa ne ke tashi.

Da zan tafi na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce me ya sa bai nuna ni ba? Yana shafa ƙotar ya ce, “Shekara talatin ina koyarwa, ban ga yaron da ya gyaru don an tozarta shi a gaban jama'a ba. Na bar ka da kanka ne. Ga shi ka zo.”

Na hau acaɓa ina share ido, ina cewa ƙura ce.

Abin da ranar ta koya mini ba yawa gare shi ba, amma ya ishe ni. Idan na ji maganar da ban gane ba, yanzu nakan fara zargin kunnena kafin in zargi bakin mai ita, in ce masa, don Allah me kake nufi? Kuma yau da nake da nawa teburin da nawa ma'aikatan, duk wanda ya shigo da takarda, ko da laka a ƙafarsa, sai na ajiye biro na ɗago kai na dube shi, na karanta ta har ƙarshe yana tsaye a wurin.