Zabi Biyun Da Na Karɓa A Gafasa

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. A shekarun da abin nan ya faru ni ma'aikacin wucin gadi ne a sashen wasanni na wata kwaleji a jiharmu, irin waɗanda ake sabunta wa aiki duk shekara in an ga dama. Haifaffen Kademi ne ni, a ƙaramar hukumar Gaya. Iyalina suna can, ni kuma ina kwana a wani ɗaki jikin ma'ajiyar kayan wasa, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. A baki ana ce mini mataimakin koci, amma a zahiri ni ke wanke rigunan 'yan wasa, ni ke yi wa ƙwallo iska, ni ke zana fili da farar ƙasa, in za a yi taro ni ke jera kujeru. Albashin kuwa ba ya kai mu tsakiyar wata. Duk da haka ina son aikin, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗi in na shigo Kademi da rigar kwaleji da usur a wuya yara suna bin babur ɗina suna kiran koci. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, wasu ma har yau suna kan kujerunsu.

Kwalejin takan ware 'yan gurabe kowace shekara ga matasan da suka yi fice a wasanni, a ba su karatu da wurin kwana kyauta, su kuma su wakilce ta a gasa. Da yake ni ɗan gabas ne, kuma babu mai son ya sha ranar Gaya da Ajingi a kan babur, shugaban sashenmu, wanda muke kira Oga, ni yake turawa in duba masa yara a gasar makarantun sakandare. Kafin zuwan nan nawa na ƙarshe an yi wani surutu cewa ana sayar da gurabe, sai hukumar kwaleji ta kafa doka cewa kada ma'aikaci ya karɓi komai daga hannun mai neman gurbi ko danginsa. A gabana aka karanta dokar. Ina can baya a zauren taron ina raba ruwan leda, na ji ta da kunnena, amma na ɗauka da manya ake, masu karɓar ambulan. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abin da wani zai ba irina ba.

A wata gasa a Gaya na ga yaron. Dogo ne siriri, ɗan Fulanin Gafasa ta ƙasar Ajingi da suka zauna suka haɗa noma da kiwo. Ya shiga dogon gudu babu takalmi, ya bar na biyu a baya har sai da ya juyo yana duba ko sun fasa ne. Da ya gama ko haki sosai ba ya yi. Na tambaye shi inda ya koya, ya ce ba koya ya yi ba, makarantarsu ce da nisa, kuma sai ya kai shanu ya dawo kafin ya tafi. Ya gama sakandare a shekarar, sakamakonsa ya isa shiga kwaleji, burinsa ya zama malamin makaranta, amma ya riga ya haƙura domin gidansu babu halin. Wannan gurbi shi ne kaɗai ƙofar da yake da ita, ni ma na san haka, shi ma ya sani. Matsalar ita ce mahaifinsa bai yarda ba. Oga ya ce in je in shawo kansa, yaro irin wannan ba a barinsa.

Na je Gafasa ana gab da girbi, gero ya sunkuyar da kai. Dattijon, mahaifin yaron, ya shimfiɗa mini tabarma a inuwar ƙofar gida, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Mun daɗe muna magana. Ya ce shi bai gane karatun da gudu ke sayowa ba, kuma wannan ne babban ɗansa, in ya tafi wa zai taya shi gona da shanu. Na ce masa Baffa, gudun hanya ce kawai, takardar malanta ce abin nema, kuma in Allah ya yarda wata rana a nan garin zai koyar. Yana wasa da carbi ya tambaye ni ko zan riƙe masa yaron amana a can. Na ce zan riƙe. Ya ce to ya ba ni shi, Allah ya sa albarka. Na tashi ina jin kaina kamar wani babban mutum.

Ina tayar da babur sai ga shi ya fito daga cikin gida da zabi biyu an ɗaure musu ƙafa, ya rataya su a hannun babur da kansa. Dokar nan ta faɗo mini a rai, ba zan ce ba ta faɗo ba. Na ce Baffa da ka bar su, ya dube ni ya ce baƙo ya taso tun daga birni saboda ɗansa, ya sha rana, sannan ya fita gidansa hannu rabbana? Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da nake nufi. Dattijo ya fito maka da kyauta har ƙofar gida, a gaban maƙwabta, in ka mayar masa to ɗayan biyu ka faɗa masa, ko ka raina gidansa, ko kuma abin ya yi maka kaɗan. Mutumin da ya ba ni ɗansa yanzun nan, ta yaya zan ce ba zan karɓi zabinsa ba? Na karɓa na yi godiya. Wautar da ta fi wannan ita ce na ba wani saurayi wayata ya ɗauke mu hoto, ni da dattijon da yaron, zabin na reto a jikin babur, na ɗora a waya kowa ya gani, har da rubuta cewa Allah ya saka wa mutanen Gafasa da alheri.

Ɗaya na bar wa matata ta yi mana farfesu, yara suka sha romo suna murna. Ɗayan na kai wa Oga har gida, domin mu haka muka saba, in ka dawo daga tafiya ka kai wa na gaba tsaraba. Na faɗa masa daga inda ya fito, ban rage komai ba. Ya ɗaga shi yana auna nauyinsa, ya yi dariya ya ce zabon ƙauye ba ya da na biyu, ya miƙa cikin gida.

Ranar gwaji a filin kwaleji yaron ya zo da aron takalmi, suka dame shi, ya cire su a tsakiyar gudu ya ƙarasa a haka, kuma shi ya zo na ɗaya a gaban alƙalai da ɗalibai da kowa. Babu wanda ya taimake shi da komai, ni ma a gefe nake riƙe da bokitin ruwa. Aka sanar da shi ya samu gurbi. Na ji labarin mahaifiyarsa ta fara haɗa masa ƙuli-ƙuli da man shanu, an sayo masa akwatin ƙarfe a kasuwa, ƙaninsa ya fara karɓar kiwo. Sai dai wanda ya biyo bayansa a gudun, wanda gurbin ya wuce shi, yana da kawu da ya san ƙofofin ofis. Ban san wanda ya ba shi hoton nan ba, kuma na daina son sani. Ya kai ƙara cewa an sayi gurbi da toshiya, ga shaida.

Kafin in shiga gaban kwamitin bincike Oga ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, har ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce abin ƙarami ne, gargaɗi kawai za a yi mini. Sannan ya rage murya ya ce, “Kada ka sako sunana. In na faɗi, babu mai tsaya wa yaron nan. Ka ɗauka a kanka, ni kuma in riƙe masa gurbinsa.” Na yarda, domin na ga maganar ta yi ma'ana, kuma na tuna amanar da na karɓa a kan tabarma.

Zaman bai ɗauki lokaci ba. Suka nuna mini hoton suka tambaya ko ni ne, na ce ni ne. Suka tambaya ko na san da dokar, na ce na sani. Na fara bayanin yadda ake sallamar baƙo a wajenmu, shugaban kwamitin ya katse ni ya ce ba al'ada aka tambaye ni ba, na karɓa ko ban karɓa ba. Akwai wani malami a cikinsu da na san shi ma ɗan ƙauye ne, na dube shi ko zai ce wani abu, ya sunkuyar da kai yana juya biro. Suka tambaya ko akwai wanda ya san da maganar a sashenmu. Oga yana zaune a gefe yana kallon fanka. Na ce babu. Bayan 'yan kwanaki hukunci ya fito. Ni an sallame ni, abin da bai buƙaci wani dogon zance ba tunda dama wucin gadi ne. Gurbin yaron kuma an soke shi, wai don a tsarkake tsarin, aka ba wanda ya biyo bayansa.

Na nemi Oga a ofis aka ce ya fita, na kira wayarsa har na gaji. Da na tare shi a bakin mota ya ce abin ya fi ƙarfinsa, in yi haƙuri, ya ɗaga gilashi. Na koma wajen sakataren kwamitin na ce ina da ƙarin bayani, ya ce an rufe magana, kuma wanda ya ce babu jiya ya dawo ya ce akwai yau, wa zai saurare shi. Gaskiya ya faɗa. A ƙarshen shekarar aka yaba wa sashenmu a taro saboda ya nuna ba sani ba sabo wajen bin doka, Oga ne ya tashi ya karɓi tafin.

Na yi makonni a Kademi ban iya zuwa Gafasa ba. Kunya ta hana ni, ina kwana ina tashi da abin. Matata ce ta ce in ban je ba har abada ba zan ƙara cin abinci da daɗi ba. Na je. Labari ya riga ni isa. Yaron ya gaishe ni a ladabce, ya shige, ban ƙara ganinsa ba ranar, amma ta ƙofar zaure na hango akwatin ƙarfen nan an ɗora masa buhu. Dattijon ya shimfiɗa tabarmar nan dai, aka kawo fura. Na faɗa masa komai, har da abin da na ɓoye wa kwamiti. Na so ya yi faɗa, da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce shi abin da ke damunsa shi ne da hannunsa ya rataya zabin da suka raba ɗansa da karatu, ni kuma da abincina. Na rantse masa ba laifinsa ba ne, ya ce haka Allah ya tsara.

Da na tashi tafiya ya ce in dakata. Ya shiga gida ya fito da zabuwa ɗaya, ya nufi babur. Na riƙe hannunsa na ce don Allah Baffa ka rufa mini asiri. Ya ce, “Malam, yanzu ba ka da aikin, shi ma ba shi da gurbin. Wa zai ce toshiya ce? Baƙo dai ba ya fita gidana hannu rabbana.” Ya ɗaure ta, ya juya ya shiga gida. Ban kai bakin titi ba na tsaya na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Yau ina tuƙa adaidaita sahu a Gaya, Alhamdulillahi ana ci ana sha. Yaron bai ƙara gudu ba. Ya nemi shiga kwaleji ta hanyar kowa bai samu halin ba, daga baya ya tafi ci-rani kudu, sai damina yake dawowa ya taya mahaifinsa noma. Na taɓa ɗaukarsa daga tasha, ya ce mini koci, na rasa inda zan sa fuskata.

Abin da na koya shi ne doka a wurin aiki ba ta zuwa da nauyi ɗaya a kan kowa, a kan na ƙasa take sauka da dukkan ƙarfinta. Ban ce ban yi kuskure ba, na yi, amma na gaskiyar ba karɓar zabi ba ne, shirun da na yi ne don wani ya ce zai tsaya wa yaron. Ina roƙon 'yan'uwana ƙananan ma'aikata, musamman masu hulɗa da yaran talakawa, kada ku ce doka ta manya ce. In za ku shiga gidan da kuka san za a yi muku karamci, ku faɗi ƙa'idar aikinku tun kafin ku zauna, ya fi sauƙi a kan mayar da kyauta a ƙofa. In kuma an tsayar da ku gaban bincike, ku faɗi gaskiya dukkanta a karon farko, domin ba a ba irinmu karo na biyu. Ku kuma masu yanke hukunci, ku riƙa duba wanda hukuncin zai faɗa wa bayan wanda kuka nufa.

Zabuwar nan ban yanka ta ba. Ta shiga cikin na maƙwabta ta yi ƙwai, matata ta sa wa kaza ta ƙyanƙyashe, yanzu zabi sun cika mana gida. Duk Sallah yara sai sun roƙe ni a yanka ɗaya, in ce su kama kaza. Har yau ban iya faɗa musu dalili ba.