Wanda Ya Kama Ƙasan Sanda

Duk shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, daga Karofane zuwa Tamaske har na dawo gida Madawa, da abu ɗaya aka san ni, duba farce. Kowace Litinin da safe yara za su jeru su miƙo hannu, wanda na ga baƙi a ƙarƙashin farcensa ya koma bakin randa. Iyayensu har tsiya suke yi mini, wai ko ƙuda ne zai sauka a allon Madam sai ya yi alwala. Ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya suka faɗa. Ina ƙyamar ƙazanta tun ina ƙarama, kuma har gobe ban daina ba. Na fara da wannan ne don a san wace ce take yin abin da nake yi yanzu kowace safiya.

Hawan jinin ido ne ya cinye mini gani, a hankali, daga gefe yana matsowa tsakiya har ya rufe. Lokacin maigidana ya riga ya rasu, ɗana guda yana can Abijan wajen nema, sai ƙanena ya ɗauke ni zuwa gidansa. Ya ba ni ɗaki, ya ba ni ci da sha, ba zan yi masa butulci ba. Amma yayarmu tana ƙetaren babban titi, ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yanta kuma tun asuba suke fita lambu. In ban je na zauna da ita ba, da bango take wuni. Ni ba ido, ita ba ƙafa, in muka haɗu sai mu tashi mutum guda. Ta gaya mini inda moɗa take, ni in miƙo mata.

Don haka na koyi hanyar da ƙafata da sandata. Daga ƙofar gida akwai kwatami a gindin katanga, in toshe hanci in tsallake. Sai injin niƙa, sai titi, sai tsakuwa har gindin dogon yaro, sai gidan yaya. Da safe rana tana dukan kuncina na hagu tun daga farko har ƙarshe. Ba a fi wata biyu ba na iya zuwa ba tare da na yi tuntuɓe ba, kuma na yi alfahari da hakan fiye da ranar da na karɓi takardar fara aiki.

Abin da ban sani ba sai da na makance, ashe sandar makaho ta jama'a ce. Kana cikin tafiyarka sai ka ji an ɗaga ƙasanta sama an ja. Ba sallama, ba tambayar ina za ka. An sha ƙetarar da ni titin da ban yi niyyar ƙetarewa ba. Wata rana wani bawan Allah ya ja ni har ƙofar masallaci ya ajiye ni, ya danƙa mini 'yan kuɗi a hannu ya wuce, don a ganinsa makauniya ba ta da wurin zuwa sai can. In na yi magana a ce haba Madam, lada ake nema. To ni ce gonar lada ke nan, kowa ya zo ya yi noma ya tafi ba ko sannu. Tir da wannan hali.

A bakin kasuwa akwai wani tsoho makaho, mutumin Sabon Gida, da yake zama a rumfa yana tufkar igiya. Shi da makantarsa aka haife shi. Na tsaya sayen igiyar shanya, hira ta ja, na kwashe kukana na gaya masa. Ya yi dariya har da tari.

"Madam, sanda kai biyu gare ta," in ji shi. "Muddin guda na hannunki guda na ƙas, taki ta. Ran da wani yak kama na ƙas ta zama akala, ke ko kin zama raƙumi."

"To Baba, ƙaƙa za ni yi? In yi kokowa da shi?"

"Da wane ƙarhi? In kinka ji ana jan ki inda ƙahwakki ba ta sani ba, sakam mai sanda. Ki zamna ƙas, ki yi kuwwa. Mai tahiya aka ja ba kowa ya lura ba. Na zamne sai an ɗauke shi, ɗaukar mutum ko ba ta ɓoyuwa."

Na yi masa godiya, amma a raina na ce Allah ya kiyaye. Ni da ko tabarma sai na kakkaɓe sau biyu, in zauna a ƙasa tsakiyar hanya kamar mahaukaciya? Kuma in saki sanda, idona guda da ya rage? Na ɗauki igiyata na tafi.

Da bazara ne, bayan an kwashe albasa, da hantsi. Na wuce injin niƙa ke nan na ji an ɗaga ƙasan sandar. Muryar namiji, babba, mai ladabi.

"Taho Inna, in ƙetarad da ke."

Muka ƙetare. Na ce na gode, ya sake ni a nan, na san sauran.

"Akwai kamiyo da tat toshe hanya gaba. Mu kewaya."

Manyan motocin albasa sukan tsaya ko'ina a wannan lokaci, don haka ban yi gardama ba, na bi. Sai rana ta bar kuncina ta koma goshina. Tsakuwa ta ƙare, rairayi ya fara shiga takalmina. Ƙarar 'yan kabu-kabu ta yi ta nisa a bayanmu. Can sai warin ruɓaɓɓiyar albasa ya bugo ni, na gane mun kai wajen rudu, rumbunan da ake ajiye albasa a bayan gari, kuma na san bayansu ba komai sai kori, busasshen kwarin rafi da ba mai bi.

"Malam, ina za mu?"

Sai ya ƙara sauri. Na sake tambaya, ya ci gaba da ja. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne yadda na ji sandar tana gajarcewa. Hannunsa yana hawowa a kanta kaɗan-kaɗan, numfashinsa yana matsowa, har na fara jin warin taba da gumi. Ban san abin da yake so ba, ko wayar salular da ke ƙuguna, ko 'yan kunnena, ko abin da bakina ba zai faɗa ba. Har yau ban sani ba, kuma ba na son in sani.

Na saki. Na ji ya yi taga-taga da baya, don da ƙarfi yake ja. Na zube a ƙasa daɓas, kuma a kan tulin ruɓaɓɓiyar albasar da aka zubar na sauka, na ji sanyinta yana ratsa zanena. Na buɗe baki da muryar da na yi shekaru ina tsawata wa aji da ita, na kurma ihu.

Mutane suka fito daga tsakanin rumbuna, mata masu tsintar albasa da maza masu ɗinkin buhu. Na ɗauka zan ji gudun ƙafa. Ko motsi bai yi ba. Yana tsaye da sandata a hannu, muryarsa lafiya lau.

"Ku gani hwa jama'a. Hanya taɓ ɓace mata, ina taimakon ta, sai tah hau kuwwa."

Na ce ƙarya yake yi, na gaya musu inda na nufa da inda ya kawo ni. Wani dattijo ya ce, "Haba Inna, mutum na biɗal lada ki tara mai jama'a?" Wani kuma, har da 'yar dariya, ya ce, "Ke da ba ki gani, ƙaƙa kinka san inda anka nuhwa da ke?" Aka yi ta ba shi haƙuri. Shi ake ba haƙuri, ni ina zaune cikin ruɓa ƙudaje suna bi na. Warin albasar bai tayar mini da zuciya ba kamar yadda muryoyin nan suka tayar.

Wata mata ta tsuguna ta tambaye ni ina za ni, ta ba ni gwiwar hannunta na riƙe. Sai da muka yi nisa ta rage murya ta ce, "Inna, wagga hanya ba ta zuwa ko'ina sai kori." Na ce to don me ba ta faɗa a can ba. Ta ce tana da miji, kuma a wajen mutumin nan suke sayar da albasarsu. Na roƙe ta ta mai da ni gida, don ba zan shiga wurin yaya da wannan zane ba.

Da la'asar ina ɗaki na ji sallama a zaure, na kuwa gane muryar tun kafin ya rufe baki. Sandar ya kawo. Ƙanena ya fita, na ji suna gaisawa, na ji an kai ruwa, na ji ƙanena yana cewa a yi haƙuri, larura ce, tun da ta rasa ido abu kaɗan ke firgita ta. Har dariya suka yi. Naka shi ke ba da kai, ban taɓa gane zafin maganar nan ba sai ran nan.

Da ya shigo ya jingine sandar a bakin ƙofata ya ce, "Yaya, mutumen ga sananne na, sahu guda muka salla. A bak kaza cikin gashinta. Amma daga yau ki bah hita ke ɗai, kin ga abin da ka hwaruwa."

"Wa za shi kai ni wurin yaya?"

"In an samu sarari sai a raka ki."

Na san sararin gidan nan, ba ya samuwa. Wanda ya ja ni kori ya sha ruwan sanyi ya tafi abinsa, ni aka yanke wa zaman ɗaki. Kwana uku ina ciki. Yaya ta aiko a tambaya ko ba ni da lafiya, aka ce mata ina hutawa. Sandar tana nan jingine, in na wuce sai in kauce mata, don ji nake hannunsa yana kanta har yanzu.

Rana ta huɗu da safe na ɗauke ta na fita. A bakin kwatamin nan na tsaya, inda ruwan wanka da na wanke-wanke na gida uku suke taruwa su kwana, da abin da awaki da yara suka ƙara. Wannan karo ban toshe hanci ba. Na tsoma ƙasan sandar kamu guda, na juya ta cikin taɓon, na ɗago tana ɗiga.

Ashe ƙanena yana tsaye a ƙofa.

"Yaya! Mi kika yi haka? Ke da kanki? Kunya za ki ba mu cikin gari?"

"Kunyad da ba ka ji ba cikin zaure, ba za ka ji ta nan ba," na ce, na wuce. Bai biyo ni ba, kuma bai sake tayar da zancen zaman ɗaki ba.

A bakin titi na ji wani ya matso ya duƙa kamar yadda aka saba. Sai na ji "subhanalla", ya ja da baya. Na tsaya na saurari motoci har suka yanke, na ƙetare da kaina. Rana tana kuncina na hagu har gindin dogon yaro.

Tun daga ranar ba wanda ya sake ɗaga mini sanda. Ladan da ake ta rububinsa ashe bai kai a ɓata hannu a kansa ba. Akwai 'yan kaɗan da sukan ce Madam ina za ki, in na faɗa su ba ni gwiwar hannu, su kuwa ko da can ma masu tambaya ne. Da na ba tsohon mai igiya labari ya ce shi shekara nawa yana makanta bai taɓa tuna wannan dabara ba, amma don Allah in riƙa tsayawa nesa da rumfarsa.

A gidan yaya a waje nake barin sandar, in wanke hannu da sabulu sau uku kafin in taɓa moɗarta, tana yi mini dariya da rabin bakinta. Ban saba ba, kuma ba zan saba ba. Amma kowace safiya sai na tsoma sandar a kwatamin nan kafin in wuce.

Mutumin yana nan. Yakan gaishe ni in na zo wucewa ta wajen injin niƙa, da ladabinsa, Inna ina kwana. Ba na amsawa. Nakan ɗaga sandar kaɗan in nufi inda muryar ta fito, in ji takalminsa yana ja da baya.