Farar Subiyar Inna

Inna, mahaifiyata, ta daɗe tana haɗa subiya a gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka. Abin sha ne na mutanen Makka: a jiƙa sha'ir da busasshiyar gurasa, a tace, a zuba sukari da kirfa. Wasu suna rina tasu ta yi ja, amma ita fara take yi. Sabuwa ake shan ta. In ta daɗe a ajiye sai ta juya, ta fara kumfa, kuma Inna ba ta yarda wadda ta juya ta fita daga ƙofarta.

Ba ta taɓa auna komai ba, harshenta ne ma'auni. Takan ɗebo kaɗan a finjali, ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki idonta a rufe. Duk gidan sai mu yi tsit har ta haɗiye. In ta ce "ta yi," shi ke nan.

Shekarar annoba ta kwanta ciwo. Allah Ya tashi kafaɗarta, amma ɗanɗano da jin ƙamshi ba su dawo ba. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ni a lokacin ina gidan mijina a unguwar Rusaifa.

Ana gab da azumi na je gaishe ta da hantsi, na tarar da ita zaune gaban babbar roba cike da subiya, finjali a hannu.

"Zo nan, 'yar nan," ta ce. "Ɗanɗana min."

Na yi dariya. "Ni, Inna? Yaushe na isa?"

"Bakina ya mutu. Da wannan da ruwan famfo duk ɗaya nake ji. Yalla, karɓi. Kada ki yi saurin haɗiyewa."

Na karɓa na kurɓa.

"Me ya fara zuwa?"

"Zaƙi."

"Sannan?"

"Sha'ir, da ɗan kirfa."

"A maƙogwaro fa? Tsamin yana kwance ne, ko yana cizo?"

Na so in yi shiru, amma ta tsare ni da ido.

"Yana cizo, Inna. Har yana tsattsaga harshe."

Ta jima tana kallon robar. "To, ta wuce. Khalas, shi ke nan. Kama min mu zubar."

Muka ɗauka tare muka tuttule a magudana. Ta wanke robar da kanta. Da ta gama sai ta zauna bakin ƙofar madafa, ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar, ko da Baba ya rasu a ɗaki ta yi nata.

Azumin nan kullum bayan azahar nake zuwa. Ita ke jiƙawa da tacewa, ni in taɓa a kan harshe in tofar, in faɗa mata abin da na ji. Wani lokaci kalmar ta Hausa takan ɓace min, sai in faɗa da Larabci, ta gyaɗa kai. Maƙwabta suka ci gaba da aiko da kwanukansu kafin magariba, kuma babu wanda ya ce ya ji bambanci.

Harshenta bai dawo ba har ta koma ga Allah. A shekarunta na ƙarshe da dabino da ruwan zamzam kawai take buɗe baki.