Keken Malam Hamza ya samu wuri a mota

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin ya iske ni a Magarya: Malam Hamza mai gyaran takalma na Mallawa ya rasu. Ɗakinsa ya rufta da shi.

Gurgu ne. Kafin in taso nan, shagonsa na manne da nawa na ɗinki. In ya sayi ƙosai sai ya buga bangon da ke tsakaninmu da guduma, in san rabona ya zo. Bai taɓa bari na tafi masallaci da tsinkakken takalmi ba.

Tun ɗazu nake ganin masu rubuta wai taurin kai ya kashe shi. Ku da ba ku taɓa yini kuna rarrafe ba, ku ne masu baki yau?

A wata damina da ruwa ya ci unguwarsu, 'yan agaji suka ciccibe shi kamar buhun gero suka kai shi lakwal, wato makarantar boko inda aka tara jama'a, suka bar kekensa na guragu. Kafin a koma an sace. Ya ƙare daminar yana jan jiki cikin taɓo zuwa bayan gida, dattijo mai jikoki, jama'a na kallo.

Ganinmu na ƙarshe yana zuba wa sarƙar sabon kekensa mai. Ya ce, "Tela, wannan ƙafata ce. Ba na ƙara fita in bar ta."

Jiya da yamma bangon ɗakinsa ya tsage bayan ruwa, 'yan agajin suka sake zuwa da mota. Ƙanwarsa Hajara da ke wurin ta ce ita suka yi ta yi wa bayani, shi ko kallonsa ba su yi ba. Ya ce, "Samari, ku ɗora keken, ni ma na hau." Wai babu wuri. Amma akwai wurin mai ɗaukar musu hoto. Da ya ƙi barin keken, suka ce za su dawo.

Sun dawo kuwa, bayan bangon ya faɗi.

Keken bai ko lanƙwashe ba. Yau sun ɗora shi a motar nan suka kai wa iyalinsa. Ya shiga, har da sauran wuri. Tir!

Allah Ya jiƙanka Malam Hamza, Ya tashe ka a kan ƙafafunka. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, masu cewa taurin kai kuma su wuce kawai.